DAGA JAKARA ZUWA JARKA: Tarihin Ruwan Famfo A Birnin Kano

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, sai a yi haƙuri da ni.

Shekaranjiya da sassafe na fito ƙofar gida ina jiran mai ga-ruwa, don tun dare uwargida ta shaida mini ko na alwala babu a randa. Sai wajen bakwai da rabi ga shi ya ɓullo da kurarsa, gumi sharkaf tun rana ba ta ɗaga ba. Ya faɗa mini kuɗin jarka, na ce, "Haba Malam, jiya fa ba haka ka sayar mini ba." Ya ce, "Wallahi Alhaji ba laifina ba ne. Babu wuta, mai bohol da inji ya tayar, ya ƙara mana kuɗi. Tun asuba nake layi." Ban ƙara magana ba, na ce ya juye huɗu.

Yana cikin juyewa idona ya kai kan wani kututturen siminti da ke bakin lungunmu, wanda yanzu mai shayi ke jingina bencinsa a kai. Famfon unguwarmu ke nan. Ni da ƙannena mun sha layi a wurin da bokiti muna 'yan firamare, mun sha faɗa a kan wa ya riga wa ajiye garwa. Babban ɗana ya kusa gama sakandare, bai taɓa ganin ɗigon ruwa ya fito daga wurin ba. Da na ce masa famfo ne, dariya ya yi, ya ɗauka zolaya ce.

Abin da ya sa na zauna na yi wannan rubutun ke nan. Kano na cikin garuruwan farko a Arewa da talakan cikin gari ya sha ruwan famfo, shekara casa'in da ɗoriya da suka wuce. Ta yaya muka dawo sayen ruwa jarka-jarka? Ba siyasa na zo yi ba, kowa ya riƙe jam'iyyarsa. Tarihi nake so mu bi daki-daki, don wanda bai san inda ruwa ya fara dukansa ba da wuya ya san inda zai fake.

KANO KAFIN FAMFO

A fara da ƙasar kanta. Kano ba a bakin babban kogi take ba kamar Lakwaja ko Yola. Ruwan samanmu kusan duk a cikin wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa rani ne. Ƙarƙashin birnin kuma dutse ne shimfiɗe. Ruwan ƙasa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, shi ya sa za ka ga maƙwabcinka ya haƙa rijiya ta kawo, kai ka haƙa a gefensa ka tarar da fa. Kogunan da ke kusa, na Kano da na Challawa, a da idan rani ya yi nisa rairayi kawai ake gani a cikinsu.

Duk da haka kakanninmu sun gina babban birni a wannan wuri, kuma rijiya ce ta riƙe shi. Ku saurari sunayen unguwanninmu: Rijiya Biyu, Rijiya Huɗu, Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki, Bakin Ruwa, ga kuma Ƙofar Ruwa. Mutane ba sa raɗa wa unguwa sunan abin da bai dame su ba. Rijiya ita ce inda ayari ke yada zango, ita ce kwatancen gida, kuma inda take nan mutane ke kafa gari.

Ruwan ma kala-kala ne. Akwai rijiyar zartsi, wadda sai wanki da wanke-wanke, akwai ta ruwan daɗi wadda ake takawa nesa a ɗebo na sha. Gidan da ke da rijiya mai kyau ba ya hana maƙwabta. Idan guga ya faɗa a aro ƙugiya a gidan wane, idan rijiya ta ja baya a kira masu yasa. A ƙofar gidajen masu hali da bakin masallatai akwai randa da moɗa, duk mai wucewa ya sha ya yi gaba, ba a tambayarsa daga ina yake. Wannan randar ita ce famfon jama'a na farko a Kano, kuma sadaka ce ta riƙe ta.

Sai kududdufai. Gidajen birni da ganuwa duk da ƙasa aka gina su, kuma duk inda aka ɗebi ƙasar tubali rami ya saura. Damina ta cika ramukan, su riƙe ruwa har cikin rani. Nan ake shayar da dabbobi, nan magina ke kwaɓa ƙasa, nan yara ke iyo. Uwar su duka ita ce Jakara, wadda ta ratsa tsakiyar gari ta gefen Kasuwar Kurmi. Tsohon littafin nan na Tarihin Kano ya ambace ta tun a labarin zamanin Barbushe, lokacin da kurmi ne ya kewaye ta, ruwanta baƙi, mutanen Dala na girmama wurin.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a Janairun 1824 ya rubuta cewa fadamar da ta raba garin biyu, tare da kududdufan da ake zuba wa ƙazantar gidaje, su ne ke sa garin rashin lafiya. Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, ya hau Dala ya ƙare wa garin kallo, shi ma ya yi maganar wannan ruwa mai kwanciya. Dukansu sun ƙiyasta mazauna birnin a wajen dubu talatin zuwa arba'in. Ko da Turawa ba su faɗa ba, tsofaffinmu sun san kurkunu, sun san tsargiya, sun san zazzaɓin damina da gudawar da ke kwashe yara. Sau da yawa masai da rijiya a tsakar gida ɗaya suke, taku kaɗan tsakaninsu.

ZUWAN TURAWA

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903. Ba su zauna cikin birni ba, sun yi nasu wurin a waje, ta Nasarawa da Bompai. Dokarsu ta tsara gari ma cewa ta yi a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗebo musu cuta daga wurinmu. Kun ga ke nan tun farko tsarin lafiyarsu na kare kansu ne, kuma duk wani tanadin ruwa mai tsabta a can ɓangaren ya fara.

Abin da ya sauya lissafi shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, shekara ta zagayo cinikin gyaɗa ya ɓarke. Baƙi suka yi ta kwararowa, Sabon Gari ya kafu, Fagge ta cika, kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna. Shi kansa jirgin da tururi yake tafiya, ruwa yake sha ba kaɗan ba. Garin da rijiyoyinsa suka ishi mutum dubu arba'in ya fara ninkuwa.

A can Ikko an riga an gwada famfo, kuma bai zo da daɗi ba. Tun a 1908, zamanin Gwamna Egerton, mutanen Ikko suka fito zanga-zanga a kan harajin ruwa da aka ce za a ɗora musu. Hujjarsu ita ce Turawa ne ke buƙatar ruwan famfo, to su biya abinsu, su rijiyoyinsu sun ishe su. An buɗe matatar Iju a 1915, a 1916 rigimar kuɗin ruwa ta sake tashi. Na kawo wannan ne don mu ga tambayar "wa zai biya?" tare aka haife ta da famfo a ƙasar nan.

CHALLAWA DA ƘOFAR FAMFO

Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya hau gadon sarauta a 1926. A lokacin, harajin da talakawa ke biya da jangalin shanu ana raba su ne tsakanin gwamnatin Turawa da baitulmalin En'e, kuma albarkacin gyaɗa baitulmalin Kano ya fi na kowace masarauta ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1920 aka yanke shawarar a ɗebi rarar da ta taru a kawo wa birnin ruwa da lantarki. A farkon shekarun 1930 aikin ya kammala, ruwa ya shigo gari daga Challawa, can wajen Panshekara.

Yadda aka tsara shi abin a tsaya a duba ne. Kogin Challawa yana ƙafewa da rani, amma duk wanda ya taɓa tona rairayin kogi da hannu ya san akwai ruwa kwance a ƙasa. Daga cikin wannan rairayin aka riƙa zuƙo ruwan, rairayin ma ya riga ya yi rabin aikin tacewa. Injuna su tura shi ta bututu zuwa tanki a kan Goron Dutse. Da zarar ya hau dutse an gama wahala, da nauyinsa zai gangaro cikin gari. Tashar lantarkin ma a Challawa aka kafa ta, tare da gidan ruwan, hukuma ɗaya ke riƙe da su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bututun da ya taso daga kudu sai da ya keta ganuwa kafin ya kai Goron Dutse. Shi ya sa a jerin ƙofofin Kano, tsakanin Gadon Ƙaya da Dukawuya, akwai wata da ba ta cikin ƙofofin dauri: Ƙofar Famfo. Da yawanmu muna wuce ta kullum a titin tsohuwar jami'ar Bayero ba mu taɓa tambayar inda ta samo suna ba. Sauran ƙofofin don mayaƙa da fatake aka yi su, ita kuwa ruwa aka buɗe wa.

Ba kowane gida aka ja wa ruwa ba, masu hali da ma'aikatu ne suka samu wannan. Talaka famfon kan titi aka kafa masa, a bakin kasuwa, a mararraba, a kusa da masallaci. Kakata, Allah Ya jiƙanta, takan ba mu labarin cewa da farko akwai dattawan da suka ƙi sha, suna cewa ruwan Nasara ne, ba su san abin da aka zuba a ciki ba, wasu har suna tantamar alwala da shi. Ta ce ba a daɗe ba kowa ya sallama, don mata sun ga wanki ya fi fita, kuma ba sai an jira ruwa ya kwanta kafin a sha ba.

Famfon unguwa ya sauya zaman gari ta hanyoyin da ba a rubutawa a takardun gwamnati. Matan aure suna kulle, saboda haka yara da 'yan ga-ruwa ne ke zuwa famfo. Mai ga-ruwa bai mutu ba da zuwan famfo, wurin ɗiba kawai ya sauya: ya bar bakin rijiya ya koma bakin famfo, da garwar kananzir biyu rataye a sanda a kafaɗarsa. Da yawansu 'yan cin rani ne, daga ƙauyukanmu da kuma ƙasar Damagaram da Maraɗi, kamar dai yau. Bambancin shi ne a lokacin ladan ɗauko ruwa kake biyan sa, ruwan kansa mai tsabta ne kuma yana kusa.

Akwai wata gaskiya da ya kamata mu 'yan birni mu riƙa tunawa. Kuɗin da aka yi wannan aiki da shi harajin masarauta ne gaba ɗaya. Manomin gyaɗa a Gaya, da na Rano, da na Ringim, da Bafulatanin da ya biya jangali, duk da guminsu a cikin bututun nan, alhali su a kududdufi suka ci gaba da sha, kurkunu na kwantar da su a tsakiyar damina lokacin noma. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu, bayan an ƙirga masu ɗauke da shi sama da dubu 650 a ƙarshen shekarun 1980. Birni ya sha ruwa da kuɗin ƙauye, wannan bashi ne a kanmu.

ZAMANIN MADATSUN RUWA

Ruwan da ke ƙarƙashin rairayi yana da iyaka. Ya ishi Kano ta zamanin Sarki Alhaji, amma gari bai tsaya ba. Masana'antu suka cika Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa. Gwagwarwa, Tudun Wada, Gyaɗi-Gyaɗi, Kurna, duk suka tumbatsa.

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamna. Shi ya kama bakin zaren matsalar: tunda ruwanmu a wata huɗu yake zuwa ya wuce, to a tare shi. Aka fara da madatsar Bagauda, sannan aka shiga babban aiki, Tiga, a kan Kogin Kano, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel, dabbobi suka yi ta mutuwa, mutane suka yi ta gudun yunwa. An tsara Tiga ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Don a gane, kubik mita ɗaya lita dubu ce, wato jarka arba'in irin mai lita 25 da ake kawo mana. Ku yi lissafin da kanku.

A wannan zamanin aka samu hukumar WRECA, wadda injiniyoyinta da leburorinta 'yan ƙasa suka gina madatsu da dama a faɗin tsohuwar jihar, har da abin da yake Jigawa a yau. Aka faɗaɗa gidan ruwan Challawa. Tiga ta sa kogin da ke ƙafewa ya koma gudu rani da damina, ta kuma haifar da noman rani na Kadawa da Kura, inda shinkafa da tumatirin da muke ci ke fitowa. Madatsar Watari ta biyo baya a Ɓagwai, sai ta Challawa Goj a Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992.

Abin bai tafi ba tare da asara ba. A Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarna a gonaki da gidaje. Mutanen Haɗeja da Nguru kuma, waɗanda noma da su da kiwonsu suka dogara da ambaliyar damina, sun ga fadamunsu sun sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Duk lokacin da muka buɗe famfo a Kano, da haƙƙin na ƙasa da mu a ciki.

Matatar Tamburawa da ke hanyar Zariya ta zo daga baya, kusa da inda kogunan biyu ke haɗuwa. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar Tamburawa mai ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai lita miliyan 75. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso shi kansa a WRECA ya yi aikinsa na gwamnati kafin ya shiga siyasa. Ke nan Kano ba ta rasa shugabannin da suka san harkar ruwa ba, ba ta kuma rasa ruwan ba. Ga Tiga, ga Challawa Goj, ga Watari. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

TO INA GIZO KE SAƘA?

Na farko, yawan jama'a. A ƙidayar 2006 Jihar Kano ta haura mutum miliyan tara, kuma kaso mai tsoka a birni da kewaye yake. Yawancin sababbin unguwanninmu awon igiya ne: a yanka gona a sayar, a yi gini, lungu ko kura ba ta wucewa da daɗi. Ba a shimfiɗa bututu kafin gini ba, bayan gini kuma babu inda za a bi da shi. A zamanin En'e bututu ne ya tarar da gari a zaune a cikin ganuwa. Yanzu gari ne ke gudu, bututu na bin sa a baya da ɗingishi.

Na biyu, wuta. Na ce ku riƙe maganar cewa ruwa da lantarki tare aka kafa su a Challawa. A farkon shekarun 1950 lantarki ya koma hannun hukumar ƙasa, ECN, wadda ta zama NEPA a 1972. Tun daga nan mai tura ruwa daban, mai ba shi wuta daban. Ruwan Kano kuwa duk turo shi ake yi, daga kogi zuwa matata, daga matata zuwa tanki. Ranar da babu wuta sai man gas, ranar da babu kuɗin man gas sai a zauna. Matata mai lita miliyan 150 a takarda, idan injunanta rabin yini suka yi aiki, rabin ruwan za ta bayar.

Na uku, bututun kansa. Wasu layukan sun girmi iyayenmu. Sun yi tsatsa, sun tsattsage, masu aikin titi sun fasa wasu, an yi gini a kan wasu. Bututun da ba kullum yake cike da ruwa ba kuma yana da wata illa: idan ya zama fanko, ruwan kwata na iya tsotsuwa ciki ta wurin tsagar, ranar da aka kawo ruwa shi zai fara isowa gidanka.

Na huɗu, kuɗi. Tace ruwa na cin alimun da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da mai da albashi, kullum ta Allah. Mutane sun ce ba za su biya kuɗin ruwan da ba sa gani ba, kuma suna da gaskiya. Masu ruwa sun ce ba za su iya kawowa ba sai an biya, su ma ba ƙarya suka yi ba, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shekara da shekaru muna wannan zagayen.

Na biyar shi ne wanda ya kashe kututturen bakin lungunmu. Famfon unguwa a da yana da mai shi. Akwai mai unguwa, akwai wakili, akwai En'e da za a kai wa ƙara idan kan famfo ya lalace. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e, ruwa ya zama harkar jiha, famfon kan titi ya zama maraya. Kan ya karye babu mai sauyawa, ruwa ya yi ta zuba har a zo a toshe shi. Masu hali suka ja nasu cikin gida, da ya daina zuwa suka haƙa bohol, suka sa tanki a sama. Daga ranar da masu faɗa a ji suka daina shan ruwa ɗaya da talaka, babu wanda ya sake ɗaga murya a kan famfon titi.

ABIN DA MUKE BIYA

Masana lafiya na cewa mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita hamsin a rana don sha da girki da wanka da wanki da bayan gida. Gidan mutum goma lita ɗari biyar ke nan, jarka ashirin. Kowa ya ninka da kuɗin jarka a unguwarsu, ya sake ninkawa da kwana talatin. Wane ɗan ƙwadago ne zai iya? Ba ya iyawa, sai ya rage. A rage wanka, a rage wanke hannu, a yi ta juya ruwan wanke-wanke ɗaya. Mai bohol a gida kuwa har mota yake wankewa. Lita ɗaya ta fi tsada a wurin wanda ya fi kowa talauci.

Cutar kwalara ta shigo Nijeriya a farkon shekarun 1970, kuma tun daga nan take kai mana ziyara. A annobar da aka yi a Kano a 1995 zuwa 1996, binciken likitoci ya nuna alaƙa tsakanin kamuwa da ita da shan ruwan da ake sayarwa a titi, da kuma rashin wanke hannu da sabulu. Ba laifin mai ga-ruwa nake gani ba, shi ne ma ya riƙe garin nan, ranar da suka yi yajin aiki kowa zai gane. Amma ba shi da ikon sanin abin da ke cikin ruwan da ya ɗebo, kuma babu mai auna masa.

Bohol ɗin ma da muke taƙama da shi, daga wancan ɗan ruwan da ke maƙale a tsagar dutse yake ja. Kowane gida na zuƙa, kududdufan da ke mayar da ruwa cikin ƙasa kuma mun cike su da bola mun yi shaguna a kai. Jakara an rufe ta da kwalta. Shi ya sa rijiyoyin cikin gari ke ƙafewa da wuri, bohol na jiya ya fi na shekaranjiya zurfi, kuma da an yi ruwan awa biyu sai ya shigo mana ɗaki, don mun zauna a gidansa.

ME YA RAGE MANA?

Ni ba injiniya ba ne, amma tarihin nan ya koya mini wasu abubuwa.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a ya ce zai yi mana bohol, mu gode masa, sannan mu tambaye shi maganar bututu. Unguwa nawa zai shimfiɗa wa? Wace wuta ce za ta riƙa tura ruwan, tunda ga rana Allah Ya ba mu, ga kuma madatsun da ake iya samar da lantarki daga gare su? Wa zai riƙa faɗa wa jama'a lita nawa aka tura kowane wata? Bohol ana buɗe shi da bikin yanka kirtani a ɗauki hoto, bututu kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake ba a ganin sa, shi ya sa ba a son yin sa. Mu ne za mu sa a so shi.

Famfon unguwa ya dawo, amma da mai shi. Kwamitin unguwa, ko na masallaci, ko ƙungiyar 'yan ga-ruwan kansu, a sa mita, a sayar da araha, a san wanda za a kama idan ya lalace. Ja wa kowane gida ruwa zai ɗauki shekaru, amma kai bututu ɗaya bakin kowace unguwa abu ne mai yiwuwa, an taɓa yi a garin nan da kuɗin gyaɗa.

Masu hannu da shuni da ke sadakar ruwa, Allah Ya saka da alheri, randar ƙofar gida ce kuke rayawa. Sai dai a riƙa ware na gyara tun ranar ginawa, don bohol ɗin sadaka da suka mutu a garin nan saboda abin da bai taka kara ya karya ba suna da yawa. Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, abin da ya sa ake ambaton ta har yau shi ne ta ɗore.

Mu kuma idan ruwa ya zo, mu biya. Wanda ya ga bututu ya fashe a layinsu ya kai rahoto, ya daina cewa na gwamnati ne. Kududdufin da ya rage a unguwarku, ku tsaya a kansa kada a yanka shi filoti.

Jiya da yamma na kama hannun ɗan nawa muka je bakin kututturen nan, na nuna masa guntun ƙarfen da ya rage a jikinsa, na nuna masa inda muke jera bokitai. Ya ce, "Baba, to kyauta ake ɗiba?" Na ce mu dai ba mu taɓa zuwa da kuɗi ba. Ya yi shiru yana kallon wurin.

Dattawa da ke bibiyar wannan shafi, don Allah ku taimaka mana: a ina famfon unguwarku yake a da, kuma wace shekara rabonku da ganin ruwa a cikinsa? Ku faɗi sunan unguwar. Ina so mu tattara, ko 'ya'yanmu sa yarda cewa an taɓa yi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, Ya shayar da mu ruwa mai albarka.